Hancin da Ya Zauna a Madagaska

"Ku ɗaure mini ido da rawani, ku jera mini banila kala goma a faranti. In hancina bai gaya muku gonar da aka tsinko kowace ba, ku daina gaishe ni."

Alhaji Tanimu ke nan, a majalisarmu ta gindin dalbejiya, nan bayan tashar Funtuwa. Ba wanda ya taɓa ɗaure masa idon, domin duk majalisar babu mai banila ko kala ɗaya, balle goma. Mu abin da muka sani ƙamshin kek ne, da askirim ɗin masu keke, sai 'yar kwalbar filebo da mata ke ɗigawa a cincin. A bakinsa muka fara jin cewa wai abin tsiro ne mai yaɗo, yana hawa bishiya, yana yin 'ya'ya dogaye kamar kwanson wake, a yi ta shanya su ana nannaɗewa a bargo har su yi baƙi.

Alhaji ya yi aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Legas, wannan kowa ya shaida. Shekarar da ya dawo gida, labarin shi ne wani jirgi ya zo daga Madagaska, kyaftin ɗin ya gayyace shi shan shayi a ciki. Da aka kwana biyu, sai jirgin ya tashi da shi yana tsakiyar shan shayin. Da aka ƙara kwana biyu, sai ya zama ya sauka a can ya yi wata guda. A bana dai shekara uku ne cur a gonar banila, har sarkin noman garin ya so ya ba shi 'yarsa, shi ne ya ce a yi haƙuri, yana da iyali a gida. Ni ba na ganin laifinsa. Ni ma in labari ya zo mini da matsattsiyar riga nakan ɗan buɗa masa hammata. Amma wannan da zan ba ku, yadda ya faru haka na kawo shi, ko zare ban ƙara ba.

Abin da ya ja masa shi ne Hajiya Turai.

Hajiya Turai bazawara ce mai 'ya'ya bakwai, duk ta aurar. Ita ke yin kek da cincin da dubulan na duk bikin da ya isa a kira shi biki a unguwarmu. Shi kuma Alhaji matarsa ta rasu, gidan ya koma hannun yayarsa, Yaya Ladidi. Sai muka ga hula ta fara zama daidai a kan Alhaji, turare ya ƙaru, bayan la'asar kuma kujerarsa a majalisa babu kowa. Da magana ta yi nisa, Hajiya ta ba shi sharaɗi ɗaya tak.

Ta ce, "Alhaji, ni na wuce a yi mini daɗin baki. Marigayi, Allah ya jiƙansa, tun ina amarya yake gaya mini yana da gona a Ɗandume, har ya koma ga Allah ban ga zangarniya ɗaya ba. Talauci zan zauna da shi. Munshari zan zauna da shi. Faɗa ma in ta kama a yi. Ƙarya ce dai na riga na cinye rabona, ko cokali ɗaya ba zan ƙara ba."

Mai hankali da ya ji haka sai ya ja bakinsa ya koma hirar tsadar fulawa. Alhaji kuwa a zaman nan ya ɗauke ta ya kai ta Madagaska. Ya nuna mata gonar, ya nuna mata sarkin noma, ya gaya mata filebon da take zubawa a kek ruwan sinadari ne kawai, wanda ya san banilar gaske ko warinsa ba ya son ji.

Hajiya ta gyara zama. Ta ce, "Kai, amma na ji daɗi. Ni da na tsufa a kan kwalba ban taɓa ganin ta gasken ba. To ga magana. Ranar da ka haɗa mini askirim da banilar gaske, da hannunka, na sha, a ranar zan faɗa maka yaushe za ka turo magabatanka."

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana, hular ta koma karkace.

"Sallau, ina ake samun banila a garin nan?"

"Kai da ka yi shekara uku a gonarta, ni kake tambaya?"

"Ta Madagaska na sani. Ta Funtuwa nake tambayarka."

Muka zaga kasuwa. Masu kayan ƙamshi suka miƙo mana kwalba, masu kayan kek suka miƙo mana kwalba, wani mai maganin gargajiya ya ce ba shi da ita amma yana da wadda ta fi ta aiki. Daga ƙarshe Allah ya tuna wa Alhaji ɗansa Nafi'u da ke karatu a birnin Kampala, can a ƙasar da ake nomanta. Ya buga masa waya, yaro ya ce akwai abokinsa mai dawowa gida, zai ba shi. Kafin saƙon ya iso, kullum na leƙa sai in tarar da Alhaji ya tasa waya a gaba, wata Baturiya tana tsaga banila tana kaɗa ƙwai, shi kuma yana motsa baki yana bin ta.

Na ce, "Alhaji, karatu ake?"

Ya ce, "Duba ta nake, in ga ko tana yi daidai. Ba laifi. Tana ƙoƙari."

Aka sa ranar Asabar don haɗa askirim ɗin.

To a gidan akwai mai jego. 'Yar Alhaji, Hindatu, ta zo wankan gida da haihuwar fari, Yaya Ladidi ke kula da ita. Ranar Juma'a Alhaji ya tafi ɗaurin aure Malumfashi, a bayansa saƙon Nafi'u ya iso. Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya Ladidi na ji shi, kuma ita ba ta buɗa wa labari hammata. Ta ce ta kwance ƙunshin, sai ga wasu dogayen abubuwa baƙaƙe siriri, suna sheƙi. Ta ce a ranta, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ji 'yar uwarsa ta haihu, ya aiko mata da kimbar ƙasar waje. Dama ga ƙafar sa a tukunya, za ta yi wa mai jego farfesu. Ta tsattsaga su, ta watsa duka a ciki, ta ƙara citta da masoro, ta rufe.

Tukunya na tafasa sai ga wayar Alhaji.

"Yaya, saƙon Nafi'u ya zo?"

"Ya zo."

"Kar kowa ya taɓa shi. Ko buɗewa kar a yi. A sa mini a ɗakina."

Bai ce mata ga abin da ke ciki ba, don mutum ba ya zama da yayarsa yana ba ta labarin zawarci. Ita ma ba ta ga abin tayar da hankali ba. Kimba ce dai, kuma tana da ita cike da gwangwani. Ta zazzage gwangwanin a tire, ta tsinci mafi tsawo da mafi kyau, ta jera a takardar Nafi'u, ta ɗaure yadda ta gan shi. Ta ce har ƙari ta yi masa, don kar ya ce an rage.

Ranar Asabar babu wuta tun safe, firij ya zama kabad. Alhaji ya ce haka ma ya fi, a Madagaska ba a san firij ba, da ƙanƙara da gishiri ake yi. Ni aka aika sayen ƙanƙarar, aka kuma gaya mini ni zan juya, wai hannuna ya fi nasa sanyi. Tun daga bakin layi na ji unguwar ta ɗauki wani ƙamshi mai daɗi, kamar an buɗe gidan kek a cikin mahauta. Na shigo na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa darduma, Hajiya Turai ta iso da ƙanwarta Uwale, suna zaune sun sha lulluɓi. Alhaji ya ɗaura tawul a kan shaddarsa. Gabansa ga risho, ga madarar shanu sabuwar tatsa, ga kirim na kwali, ga ƙwai, ga sukari, ga ƙunshin Kampala a tsakiya kamar Alhaji ne ya haife shi.

Ya ce, "Hajiya, kafin a dafa sai an zaɓa. Nan ne ake gane wanda ya zauna a gona da wanda ya ji labari."

Ya kwance ƙunshin a hankali. Ni daga inda nake tsugune gaban bokiti na hango abin da ke ciki, kuma na yi aure na ga jego, amma ba a gayyace ni don in yi magana ba. Alhaji ya ɗan tsaya. Na ga alamar hankalinsa ya tafi wajen Baturiyarsa ta cikin waya ya dawo. Nata dogaye ne sumul, waɗannan gajeru ne masu ƙulu-ƙulu. Sai ya gyara murya.

"Ta kan dutse ce. Ba kowa ake sayar wa ita ba."

Ya zaro ɗaya ya ɗaga ta sama. "Banilar kirki, Hajiya, laushi gare ta kamar igiyar fata. In kika naɗe ta a yatsa, ba za ta karye ba. In ta karye, ki mayar wa mai ita, ya cuce ki. Kin gani?"

Ya naɗa. Ƙaras! Rabi ya tashi ya faɗa cinyar Uwale.

Alhaji ya dubi guntun da ya rage a hannunsa kamar yau suka fara haɗuwa.

Ya ce, "Wannan namijin ne. Macen ce mai lanƙwasuwa."

Hajiya Turai ta ce, "Ikon Allah. Ashe a can ma mazan ba sa lanƙwasuwa, sai dai su karye."

Alhaji ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, ya ɗauko wata. Ya ce ta kirki tana da maiƙo, in ka murza sai yatsa ya yi sheƙi. Ya murza, ya murza, yatsa ya fito fes kamar ya yi taimama. Ya ce iskar jirgin sama ce ta shanye maiƙon, shi ya sa su a da ta ruwa suke kawo ta. Ya ɗauki wuƙa don ya tsaga ta a tsaye, yana bayanin cewa 'ya'yan cikin ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe, kamar garin kwalli, da bayan wuƙa ake kankaro su. Da ƙyar ta tsagu. 'Ya'yan suka zubo a faranti suna ƙara, kowane ya kusa ƙwayar wake.

"Shekarar ta yi albarka," in ji Alhaji. "Ruwa ya zauna."

Uwale ta ɗauki guntun da ya faɗa mata ta kai hanci. Ta yi atishawa har lulluɓinta ya zame.

"Yaya Turai, wannan ai kamar..."

Na ga ƙafar Hajiya ta sauka a kan tata. Uwale ta haɗiye sauran.

Alhaji ya ce, "Haka take yi wa sabon shiga. Kwalba ta kashe muku hanci. Ni ma satin farko a can atishawa na yi ta yi, har sarkin noma ya ce a ba ni hutu."

A nan dole in yi masa adalci: Baturiyar ta koyar, shi kuma ya ɗauka. Ya ɗora madara da kirim a wuta kaɗan-kaɗan, bai bar ta ta tafasa ba. Ya daddaka abin nasa ya zuba, ya rufe don ya jiƙa, ya ce banila ba ta son gaggawa. Ya fasa ƙwai ya ware ƙwaiduwa, ya kaɗa da sukari da maburgi har ta yi fari. Ya riƙa tsiyaya madarar mai zafi a kai yana kaɗawa don kar ƙwan ya dahu, ya mayar wuta yana juyawa har ta yi kaurin da take kama bayan cokali. Hajiya, wadda ta san aiki in ta gan shi, har kai ta gyaɗa. Da ya ga ta gyaɗa kai, sai ya ƙara dakakken abin nan cokali biyu, wai don Hajiya ce. Ya tace, aka bar ta ta huce, aka juye a kwanon silba mai murfi, aka binne kwanon a bokitin ƙanƙara da gishiri, aka ce Sallau bismilla.

Ina juyawa, ina buɗewa ina kankare gefe, ina sake juyawa, sai ga Yaya Ladidi da kwanuka.

"Baƙi ba sa zauna da yunwa suna jiran abin sanyi ba. Ga farfesun mai jego, tun jiya yake kan wuta, ku taɓa."

Tana buɗe kwano, ƙamshin nan na bakin layi ya tashi ya cika gidan. Hajiya Turai ta kai cokali baki, sai ta tsaya, ta lumshe ido. Ta sake kurɓa. Ta matso da kwanon wajen haske tana duban romon, wasu ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana suna yawo a kai kamar garin kwalli. Ta sa cokali ta tsamo wani dogon abu baƙi siriri, tsagagge a tsaye. Ta share shi, ta naɗe shi a yatsa, zagaye biyu. Bai karye ba.

Ta ce, "Alhaji, kai da ka san kayan ƙamshi, wannan fa mene ne?"

Alhaji ya karɓa, ya kai hancin nan da muka sha labarinsa, ya ja numfashi, ya yamutsa fuska.

"Kimba ce mana. Kayan jegon mata. Sai dai an ɓata ta." Ya ɗaga murya. "Yaya! Me ya kai filebon kwalba cikin farfesu? Kin ji ƙamshin nan, Hajiya? Shi ne na bogin da nake gaya miki. Tun daga zaure na gane shi. Hancina ba ya kuskure."

Yaya Ladidi ta leƙo daga madafa. "Ni, Tanimu? Filebo a ƙafar sa? Ka ga na yi kama da mai taɓin hankali?"

Ya yi mata alama da hannu ta bari, akwai baƙi. Hajiya ta karɓi abinta, ta ƙulle a bakin gyalenta, ta ci gaba da shan romo.

Kafaɗata ta kusa fita kafin abin ya kama. Amma ya kama. Da aka buɗe murfi, ga askirim nan ya daskare lukui, launinsa dai ya ɗan yi kama da bangon da aka yi wa yaɓe, amma cokali na shiga yana tsayawa. Alhaji ya zuba a kofunan gilashi da hannunsa, ya miƙa wa Hajiya na farko da hannu biyu.

Na kai cokali. Da farko sanyi da zaƙi, har na fara cewa a raina mutumin nan zai tsira. Sai wani abu ya taso daga maƙogwaro, ya bi ta hanci, ya fita ta kunne. Ban taɓa shan abin da haƙori ke jin sanyinsa goshi na tsatsafo da gumi ba sai ranar. Wani ciwon baya da na daɗe ina fama da shi, a cokali na uku ya sallame ni, har yau bai dawo ba. Uwale ta ajiye kofi ta ce ta tuna tana ramuwar azumi, ita da ta gama da kwanon farfesu yanzu. Alhaji kansa ido ya kawo ruwa, hanci na zuba.

Na ce, "Alhaji, lafiya?"

Ya share ido da tawul. "Kewa ce, Sallau. Ɗanɗanon ya mayar da ni can."

Yaya Ladidi ta zo kwashe kwanuka, ta lakaci kaɗan a yatsa ta lasa. Ta tsaya, ta sake lakata. Ta ce, "Wanda ya rage kar a zubar, a ajiye wa Hindatu." Ta ɗauke kwanon silbar gaba ɗaya ta yi ɗakin mai jego da shi.

Hajiya Turai kuwa ta zauna ta shanye nata tas, a nutse, har ta kankare gindin kofi. Ko tari ba ta yi ba. Alhaji na ganin haka ya dube ni ya ɗaga gira, irin ta ka gani ko. Ta yi hamdala, ta miƙe, ta yi wa mai jego barka, ta roƙi Yaya Ladidi ta zuba mata sauran romon nan a kula in da hali. Alhaji ya cire tawul ya bi su zaure, ni ma na bi da bokitina, don a zaure ake zubar da ruwan ƙanƙara a ranar.

Ya ce, "To Hajiya, kin gani, kin sha. Yaushe zan turo?"

Tana neman takalminta da ƙafa ta ce, "Shekara nawa ma ka ce ka yi a can?"

"Uku cur."

"Kuma wannan da na sha, ita ce banilar da kuke sha?"

"Ita ce sak. Safe da yamma. Wallahi in kin..."

"Kar ka rantse, Alhaji." Ta zura takalmi, ta miƙa wa Uwale kular. "Bar magabatanka su huta, kar a wahalar da tsofaffi. Ashe ni ma 'yar Madagaska ce ban sani ba. Haihuwata bakwai, kowace sai da na yi arba'in a can."